Yaro ganau ne ko jiyau? Kafin mu ɗauki bulala a kan maganar yaro

Shekara shida kenan da abin nan ya faru a gidan yayana a nan Gusau, kuma har yau in na tuna sai inji ƙirjina ya yi nauyi. Ranar suna ce, gida cike da mata, wasu na tsakar gida suna tuƙa tuwo wasu na ɗaki ana ta kallon jariri ana hayaniya, can wajen la'asar sai matar yayana ta nemi wayarta ta rasa. Aka duba saman gado, aka duba ƙarƙashin filo, aka kira lambar ba ta shiga. Kafin kace kwabo har an fara kallon almajirin gidan, wani yaro ne da bai wuce shekara 12 ba, shi ke musu aike da ɗebo ruwa kusan shekara biyu, kuma ko allura ba a taɓa cewa ya ɗauka ba.

Sai wata ta ce ai a tambayi ɗan gidan, tunda shi yana bakin ƙofar ɗaki yana wasa tun azahar. Lokacin shekararsa huɗu da rabi. Aka ce mashi, kai, wa ka gani ya shiga ɗakin Umma? Yace bai sani ba. Wata ta sake cewa, ba ka ga almajirin ga ya shiga ba? Ya yi shiru yana kallon mu. Ni ce na ɗauke shi na ɗora a cinya, na ba shi cincin, nace ɗan albarka tuna dai, ai kana nan sadda ya shiga ko? Ya ɗaga kai. Gaba ɗaya ɗakin aka ɗauki salati, kun ji ko, yaro ai baya ƙarya. Daga nan duk macen da ta shigo sai an ce mata zo kiji da kunnenki, a sake jawo yaron a sake tambaya, ina ya sa ta, a aljihu ko? Ya ce maka kar ka faɗa ko? Kafin magariba labari ya cika tsaf, yaron da kansa yake bayarwa ba tare da an ja bakinsa ba: almajiri ya shiga, ya ɗauki waya a saman gado, ya sa a aljihun riga, ya ce in ka faɗa sai na buge ka.

Samarin gidan suka yi wa almajirin nan dukan da bana son in kwatanta, aka kai shi wajen malaminsa aka ƙara mashi. A rana ta uku aka ga wayar a cikin jakar kayan barka, tsakanin zannuwa, caji ya ƙare. Mai jegon ce da hannunta ta jefa ta ciki cikin ruɗanin baƙi ta manta.

To abin da ya sa nake wannan rubutun ba dukan kaɗai bane, duk da shi ma ya isa. Da wayar ta fito sai aka juya kan ɗan namu, uban ya ɗauko bulala wai tun yana ƙarami ya iya shirya ƙarya haka, yaron kuwa kuka yake yana rantsuwa shi fa ya gani. Ni malamar firamare ce, na san fuskar yaro in yana ƙarya, kullum ina ganinta a aji. Wannan ba ita bace. Yaron nan ya yarda da abin da yake faɗa ɗari bisa ɗari. Mu muka dasa mashi hoton a kai da bakinmu, sannan muka zo za mu dake shi saboda ya tsiro.

A ƙasar Hausa magana biyu muke da ita a kan yaro, kuma duk wadda ta yi mana daɗi a ranar ita muke ɗaukowa. In maganarsa ta dace da zatonmu sai muce yaro baya ƙarya. In ta taɓa wani babba da muke jin nauyinsa sai muce kai rabu da shi, maganar yaro ce. Ni a ganina duka biyun zalunci ne, kuma duka biyun daga rashin sanin yadda kan yaro yake ajiye abu suka fito.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kyamarar waya ce, ta ɗauka ta ajiye, duk ranar da kake so ka kunna ka kalla. Ba haka take ba, ko ta babba balle ta yaro. Ni na fi kwatanta ta da katangar laka. Kowace shekara in damina ta wuce sai an sake yaɓe, ana ƙara sabuwar laka a kan tsohuwa, bayan shekara goma katangar tana nan tsaye amma babu mai iya nuna maka ga lakar farko ga ta bara. Duk sanda ka tuno abu ka faɗe shi, to sabon yaɓe ka yi mashi, kuma duk abin da ke kusa a lokacin, maganar wani, hoton da ka gani, tsoron da kake ji, yana iya shiga cikin kwaɓin. Shi yaro lakarsa ɗanya ce sharaf, shi ya sa ko yatsa ka ɗora sai ya fito.

Kuma akwai wani abu guda da yaro ƙarami bai gama ƙwarewa a kai ba, wato rarrabe inda ya samo abu. Mu Hausawa mun daɗe da raba ganau da jiyau. To yaro ɗan shekara uku, huɗu, biyar, sau da yawa yana riƙe da labarin amma ya manta ta wace ƙofa ya shigo, shin da idonsa ya gani, ko Gwaggo ce ta faɗa, ko a talabijin ne, ko shi ne ya zauna ya sawwara abin a ransa sanda aka ce ya tuna. Sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke wannan aikin tantancewa yana daɗewa kafin ya nuna. Kenan yaro zai iya zama jiyau amma shi a ransa ganau ne, kuma zai rantse a kan haka da zuciya ɗaya.

Lokacin NCE duk mun haddace sunan Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi suna a kan yadda hankalin yara ke girma, amma sai daga baya na san abin da ya faru da shi kansa. Ya tashi yana tuna cewa yana ɗan shekara biyu a birnin Faris wani mutum ya so ya sace shi daga cikin keken jarirai, mai rainonsa ta tare ta yi kokawa har aka yakushe ta a fuska, ɗan sanda ya zo da sandarsa ɓarawon ya gudu. Yana ganin abin a idonsa tar, har yakushin. Sai da ya kai kusan shekara 15 mai rainon ta rubuto wa iyayensa wasiƙa tana neman gafara, tace ita ta shirya labarin, ta kuma maido da agogon da suka ba ta tukuici. Babu ɓarawo, babu ɗan sanda. Labarin da ake ta maimaitawa a gida ne ya koma mashi hoto. Kowa ya binciki kansa, cikin abubuwan da kake cewa kana tunawa na yarinta, nawa ne ainihi kai ka riƙe, nawa ne kakarka ta yi ta faɗa har ka mallake su?

Yawancin manya ba sa iya tuna komai kafin shekara uku ko uku da rabi. Amma abin mamakin shi ne su yaran suna tunawa, daga baya ne yake zubewa. Patricia Bauer da abokiyar aikinta a jami'ar Emory ta Amurka sun sa iyaye mata sun yi hira da 'ya'yansu 'yan shekara uku a kan abubuwan da suka faru da su, sai aka dawo bayan shekaru aka tambayi yaran. Waɗanda aka tambaya suna shekara biyar zuwa bakwai sun tuna sama da kashi 60 cikin ɗari, waɗanda aka bari sai da suka kai takwas da tara ba su kai kashi 40 ba. To in ainihin abin ya zube, me ke cike gurbin? Abin da muka faɗa musu.

Binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda Michelle Leichtman da Stephen Ceci suka buga a 1995, saboda kamar a gidan yayana aka yi shi. Wani baƙo da suka sa wa suna Sam Stone ya shiga ajin yara 'yan shekara uku zuwa shida, ya gaishe su, ya ɗan zagaya, ya fita, kamar minti biyu, bai taɓa komai ba. Wasu yaran ba a ce musu komai a kansa ba, kuma da aka tambaye su cikin natsuwa kusan dukkansu gaskiya suka faɗa. Wasu kuwa tun kafin ya zo an yi ta ba su labarin cewa shi mutum ne mai ɓarna, komai ya taɓa sai ya lalata, sannan bayan ya tafi aka yi makonni ana musu tambaya irin tamu, lokacin da ya yaga littafin nan da gangan ya yi ko wasa yake, lokacin da ya ɓata 'yar tsanar nan da me ya ɓata ta. Da wani sabon mutum ya zo ya tambaye su a ƙarshe, kashi 72 cikin ɗari na 'yan shekara uku da huɗu a wannan rukunin suka ce ya yi ɓarnar, kashi 44 suka ce da idonsu suka gani. Aka nuna wa ƙwararru bidiyon yaran, masu aiki da yara shekara da shekaru, suka kasa ware mai faɗin gaskiya daga wanda aka dasa wa.

Ku dubi sinadaran nan guda biyu, baƙin fenti tun kafin abu ya faru, sannan tambaya mai ɗauke da amsarta a goye. Yanzu ku cire Sam Stone ku sa almajiri. Ku sa Bafulatanin da ke kawo nono ko ya zo cin kasuwa. Ku sa 'yar aiki, ku sa kishiya, ku sa tsohuwar nan ta ƙarshen layi da yara ke ji ana cewa kar a karɓi abin hannunta. Yaranmu tun suna goye suke jin waɗannan sunaye da irin muryar da muke faɗinsu, to mu mun ma riga mun yi rabin aikin tun kafin komai ya ɓata.

Kuma ba sai da mugun nufi ba. Shi dai Ceci ɗin da abokansa sun yi wani gwajin, kowane mako su ce wa yaro ya yi tunani sosai, ko ka taɓa sa yatsa a tarkon ɓera har aka kai ka asibiti? Abin bai taɓa faruwa ba, iyayen sun tabbatar. Da farko yaran sukan ce a'a. Bayan kamar mako goma fiye da rabinsu sun ba da cikakken labari a kan aƙalla abu ɗaya da bai faru ba, da wanda ya kai su asibiti da bandejin da aka ɗaura, wasu ma da iyayensu suka ce musu ai ba a yi haka ba sai suka ƙi yarda. Babu wanda ya dake su, babu wanda ya ba su cincin. Maimaita tambaya kawai. Shi yaro in babba ya tambaye shi abu sau biyu, a ransa yana cewa to amsar farko ba daidai bace, bari in canza.

Sai kuma jita-jita, wadda ita ce abincinmu a wannan jihar yanzu. Gabrielle Principe ta kai mai dabo makarantar ƙananan yara, ya yi kamar zai fito da zomo daga cikin hula ya kasa. Sai aka sa wasu yaran suka ji manya biyu na hira cewa ai zomon kuɓucewa ya yi yana yawo a makaranta. Ba a tambaye su komai ba, an dai bar su sun koma cikin 'yan'uwansu. Da aka dawo bayan kwanaki, yara da yawa suka ce sun ga zomon da idonsu, har da waɗanda ba su ji daga bakin manyan ba sai daga abokan wasa, kuma nasu labarin ma ya fi ado. Ni wannan ban buƙaci Turawa su gaya min ba. Ranar da aka ce an ga 'yan bindiga a bayan gari, ka shiga aji biyu washegari ka ji, rabin ajin kowa ya gan su, kowa ya ƙirga babura.

Kar wani babba ya karanta wannan ya ɗauka shi ya tsira. Masu bincike irin su Charles Brainerd da Valerie Reyna sun nuna cewa akwai wani nau'in kuskuren da yake ƙaruwa da girma, saboda babba ma'anar abu yake riƙewa ya saki ainihin kalmomin. Ku gwada a gida, ku karanta wa mutum gado, filo, bargo, mafarki, minshari, hamma, gyangyaɗi, dare, tabarma, can anjima ku tambaye shi ko kun ce barci. Babba ya fi ƙaramin yaro saurin cewa eh kun faɗa. A gidan sunan nan ma ai kafin yaron ya ga komai, mu manya ne muka fara gani.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma shi ne nake tsoron a karanta rubutun nan a tsallake shi. Yara suna tuna gaskiya, kuma suna riƙe ta da kyau. Carole Peterson a ƙasar Kanada ta bi yaran da aka kai asibiti da rauni, karaya ko yanka ko ƙuna, ta koma ta tambaye su bayan shekara biyar, waɗanda suka kai shekara uku zuwa sama lokacin raunin suka ba da ainihin abin da ya same su daidai ƙwarai. Mu ma a wajenmu malaman hadisi sun karɓi ruwayar sahabi Mahmud bin Rabi'u, wanda yace yana tuna Manzon Allah (SAW) ya fesa mashi ruwa a fuska daga guga yana ɗan shekara biyar, Imamu Bukhari ya kawo shi a babin da ke magana a kan yaushe ne jin ƙaramin yaro yake inganta. Saboda haka in 'yarki ta zo da kanta, ba wanda ya tambaye ta, tace wane ya taɓa ni a wuri kaza, don girman Allah kar ki ce mata rufe min baki. Maganar da yaro ya kawo da ƙafarsa tun kafin manya su sa baki ita ce mafi tsabta da za a samu. Yara nawa aka lalata a garuruwanmu aka binne maganar da sunan rufin asiri, saboda wanda aka ambata kawu ne ko malami ne ko mai gida ne? Abin da nake cewa shi ne maganar yaro tana da daraja har ta kai a kiyaye ta kar a taka, kamar sawun ɓarawo a kan yashi da safe. In aka bari jama'a suka taru a wurin, mai bin sawu ko ya zo ba abin da zai gani sai ƙafafun 'yan kallo.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan ilimin yana cikin littafin da ke zauren kusan kowane malami a Zamfara. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta sama da shekara 1000, an ce shaidar yara tana halatta a kan raunin da ya faru tsakaninsu, amma da sharaɗi: kafin su watse, ko wani babba ya shiga tsakaninsu. A Muwaɗɗa ma Imamu Malik ya faɗi haka, kafin su rarrabu ko a ruɗe su ko a koya musu abin faɗa. Dubi hikima. Ba su ce yaro maƙaryaci ne ba, ba su kuma ce duk abin da ya faɗa yankan wuƙa bane, sun dai gane cewa da zarar babba ya sa baki to shaidar ta gurɓata. Mu da muke alfahari jiharmu ce ta fara dawo da shari'a, mu ne kuma za mu tara mata ashirin a kan yaro ɗaya muna ta ko shi ne ko shi ne. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ita ma a sashe na 209 ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a hukunta mutum a kan shaidarsa kaɗai sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Amma a unguwa wa ke jiran kotu? Hukuncin an gama shi tun a tsakar gida.

A gidan yayana abin a kan waya ya tsaya. A ƙauyukanmu yanzu abin a kan rai yake. Kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga bayani, ta zama kamar wuta a bushasshiyar ciyawa, kuma ban ce babu infoma ba, akwai su, sun kuma ci amanar jama'a. Amma ka ɗauki yaro ɗan shekara shida da aka shigo garinsu cikin dare, harbi ko'ina, mutanen sun naɗe fuska da rawani, shi yana ɓoye a bayan rumbu ko a cikin gero jikinsa na rawa, sannan da safe mutane cikin fushi da hawaye su kewaye shi, wa ka gani, ko ka ga wane a cikinsu, muryar wane ka ji ko? Tsoro yakan sa mutum ya riƙe tsakiyar abu, bindigar da ƙarar da wutar, ya saki gefe-gefe, kuma fuskar baƙo a cikin duhu ko babba yana kuskurenta. In yaron nan ya ɗaga kai, kamar yadda ɗan namu ya ɗaga a cinyata, wanda aka ambata ba lallai ya ga la'asar ba. Kuma ranar da gaskiya ta fito ba waya bace da za a ciro daga jakar zannuwa a ce a yi haƙuri.

Haka yaran da suka dawo daga daji. Bayan 'yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, da na kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin shekarar, da ɗaruruwan da ba a san sunan ƙauyensu a rediyo ba, mun saba ganin yaro ya dawo ko wanka bai yi ba an saita mashi waya a fuska za a ɗora a Facebook da TikTok. Kowa da tambayarsa, sun yi muku kaza ko, an ce sun kashe wane a gabanku ko. Wannan cutarwa biyu ce, ana fama mashi ciwo, ana kuma cakuɗa abin da ya gani da abin da jama'a ke zato, ta yadda ranar da hukuma za ta buƙaci bayaninsa don kama mai laifi na gaskiya ba za a iya tace shi ba. Amurka ta sha wannan darasin da tsada. A shari'ar makarantar rainon yara ta McMartin a Kalifoniya, wadda ta faro a 1983, an yi wa ɗaruruwan yara tambayoyi masu jan baki har suka riƙa ba da labarin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da mutane masu tashi sama, aka yi ta shari'a har 1990 ba a samu kowa da laifi ba, bayan ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi ya yi shekara biyar a tsare. Irin waɗannan ne suka sa can suka zauna suka tsara yadda ake yi wa yaro tambaya, kuma ake koyar da shi.

Ni ban ga dalilin da zai hana a koyar da shi a nan ba. Ba kuɗi yake ci ba. 'Yan sanda, Hisba, jami'an walwalar jama'a, hedimastoci, masu unguwanni, limamai, har askarawan da ke tsaron ƙauyuka, kwana biyu sun isa a nuna musu. Kuma kafin gwamnati ta motsa, mu iyaye ai a hannunmu abin yake farawa. In abu ya faru, mutum ɗaya mai sanyin rai ya ja yaron gefe, ba taro ba, ba bulala a hannu, ba alewa a ɗaya hannun. Ka fara gaya mashi cewa ni bana wurin, kai ka sani, in ba ka sani ba kace ban sani ba, in na faɗi ba daidai ba ka gyara min, don yaronmu an tarbiyyantar da shi kar ya musa wa babba, sai ka buɗe mashi wannan ƙofar da bakinka. Sannan kace gaya min abin da ya faru tun daga farko, ka yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya, wallahi na sani, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi ka taimaka mashi da suna. In ya tsaya kace sai kuma me ya faru. Kar sunan kowa ya fito daga bakinka sai wanda ya fara fitowa daga nasa. Ka rubuta ko ka naɗa a waya yadda ya faɗa da kalmominsa, ka ajiye, ba don ɗorawa ba. In ka gama ka tambaye shi, wannan da idonka ka gani ko wani ya gaya maka? Daga nan a bar shi ya huta, sauran aikin na manya ne, a je a nemi hujja.

Ni yanzu haka nake yi a aji ko fensir ne ya ɓata. Yara su taso caa, Malama wane ne, Malama mun gan shi, sai in raba su in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa cikin goma da suka ce sun gani sai ka samu ɗaya ne ya ce yana zato, sauran tara daga bakinsa suka ɗauka.

Almajirin nan bai ƙara shigowa gidan ba. Bayan sati biyu na je makarantarsu da kaina da ɗan abin da na iya, malamin yace ya koma garinsu wajen Shinkafi, ban ƙara ganinsa ba, kuma ban samu na ce mashi ya yafe min ba. Ɗan yayana yanzu yana aji biyar, yaro mai natsuwa, ba a san shi da ƙarya ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce muna zaune ni da shi a tsakar gida sai maganar ta faɗo, na ce mashi ka san dai ba shi ya ɗauka ba ko, a jaka aka gan ta. Yace eh Gwaggo na sani, Umma ta gaya min. Ya ɗan yi shiru yana wasa da bakin tabarma, can sai yace, amma Gwaggo ni fa har yanzu in na rufe ido ina ganinsa sadda yake sa ta a aljihu, rigarsa shuɗiya.